Abin da aka tattauna kan injin sayar da ruwa da lemo a Saudiyya

Jama'a na bi maganganun duka, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda injin nan yana rufa asiri a asibiti da tashar jirgin ƙasa, musamman cikin dare in bakala (ƙaramin shagon unguwa) ta rufe ga majinyaci yana jin ƙishi.

2. Biya: masu iƙama (takardar izinin zama) sun ce katin mada (katin banki na Saudiyya) ko waya ya fi sauƙi. Alhazai da masu umara ne ke wahala, riyal ɗin takarda in ya tsufa sai injin ya yi ta tofo shi, wani ma ya haɗiye ba canji.

3. An rabu kan tsada. Wasu sun ce bakala ta fi araha kuma mai shago ya san ka har bashi zai ba ka, wasu sun ce harajin kaya (VAT) na kashi 15 da aka sa tun 2020 ya taɓa kowa.

4. Masu son sa jari, an ja kunne sosai: sai da lasisin baladiya (hukumar gari), kuma kar ka fake da sunan ɗan ƙasa, wannan shi ake kira tasattur, laifi ne babba. Ni ma nan na fi jin tsoro wallahi.

A Harami kuwa zamzam kyauta ne.