Neman Kalma: Shin "Sauya Jinsi" Ta Wadatar Idan Ana Maganar Yara?

Mai fassara, Tudun Wada:

Assalamu alaikum malamaina. Ina fassara wani rahoto a kan hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a watan Yunin 2025, inda alƙalai 6 suka tabbatar da dokar jihar Tenesi, 3 kuma suka saɓa. Dokar ta hana likitoci ba wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasu magunguna. Na rubuta cewa an hana yara sauya jinsi, tunda kalmar da kafafen labarai na Hausa suka saba da ita ke nan. Da na karanta wa yayana jimlar bayan sallar magariba a ƙofar gida, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wato dā can yi wa yara ƙanana tiyata ake yi a mayar da su mata?" Nan na gane cewa fassarata ta gaya masa abin da rahoton bai faɗa ba, domin abin da kotun ta duba magani ne da allura. Kalmomin Turanci uku nake nema wa Hausa: tiransjenda, wato wanda yake ji a ransa cewa jinsinsa ba shi ne wanda aka haife shi da shi ba, da jenda disforiya, da fubati buloka. Wasu abokan aiki sun ce in yi amfani da mata-maza ko ɗan daudu in huta.

Malamin fiƙihu, cikin birni:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka huta da waɗannan biyun, domin kowace tana da mai ita. Mata-maza shi ne wanda littattafanmu suke kira hunsa, wato wanda aka haifa halittar jikinsa ba ta fito sosai ta namiji ko ta mace ba. Malamai sun yi masa babi tun dā: ana duba ta inda yake fitsari, idan ya balaga a duba gemu ko nono ko haila, idan kuma al'amarin ya rikice, a mazhabar Malikiyya ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace a gado. Duk wannan magana ce ta jiki. Wanda kake tambaya a kansa kuwa, kamar yadda na fahimta, jikinsa babu rikici, abin yana cikin ransa ne. Idan ka haɗa su a kalma ɗaya, ka ɗora wa iyayen da suka haifi hunsa wata magana da ba tasu ba, alhali suna neman asibiti ne cikin kunya da damuwa.

Ɗan daudu kuma mun san shi, da yanga da karairayar murya da sana'ar abinci a tasha, kuma da yawansu suna da mata da 'ya'ya, ba su taɓa zuwa wurin likita a kan hakan ba. Ina da matsayina a kan wannan al'amari, ba kuma na ɓoye shi, amma sanya wa abu suna ba amincewa da shi ba ne. Malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa.

Likitar yara, Samaru:

Allah ya gafarta malam, ka rage mini aiki. Abin da ya sa "sauya jinsi" take ɓatar da mai sauraro shi ne ta dunƙule matakai huɗu a wuri ɗaya. Na farko babu magani a cikinsa, suna ne da tufafi da aski ko kitso. Na biyu shi ne maganin balaga, wanda mai fassara ya kira fubati buloka. Na uku sinadaran homon ne, testosteron ko estrojin, waɗanda ke kawo kaurin murya da gemu ko kuma fitowar ƙirji. Na huɗu tiyata. Tsarin da likitocin Amsterdam a ƙasar Holan suka fito da shi, wanda ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ya sanya maganin balaga daga wajen shekara 12, homon a shekara 16, tiyata kuma sai an cika 18.

Shi maganin balagar ba don wannan aka ƙirƙiro shi ba. Tun shekarun 1980 ake ba da shi ga yaran da balaga ta zo musu da wuri, kamar yarinya 'yar shekara 6 da ƙirjinta ya fara tasowa. Allura ce da ake yi duk wata ko duk wata uku, tana sa wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya daina aika saƙon da ke tayar da 'ya'yan maraina ko ƙwan mace. A wannan amfanin babu gardama, idan an daina allurar balaga tana ci gaba.

Gardamar tana kan ba da shi ga yaron da balagarsa ta zo a kan lokaci. A Ingila an ɗora wa Dokta Hilary Cass bincike, rahotonta na ƙarshe ya fito a Afrilun 2024, ya ce hujjojin amfanin maganin masu rauni ne, kuma ba a san tasirinsa na dogon lokaci a kan ƙarfin ƙashi da girman ƙwaƙwalwa ba. A watan Maris na shekarar aka rufe sashen asibitin Tavistock na Landan da ke duba irin waɗannan yara, hukumar lafiya ta Ingila ta daina rubuta maganin sai a cikin bincike. Finlan a 2020 da Suwidin a 2022 sun riga sun taƙaita shi. A ɗaya ɓangaren, manyan ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka sun daɗe suna goyon bayansa, suna cewa yana rage wa yaro ƙunci ya ba shi sararin tunani.

Saboda haka nake roƙon a kula da fi'ilin da za a zaɓa. Wanda ya ce maganin *jinkirta* balaga ko *dakatar* da ita, ya yi wa mai sauraro alkawarin cewa za ta dawo, wato ya ɗauki maganar masu goyon baya, alhali a wani binciken Tavistock, cikin yara 44 da aka ba su maganin, 43 sun wuce zuwa homon. Wanda ya ce maganin *hana* balaga kuma ya yanke cewa ba za ta zo ba har abada, wannan ma ba gaskiya ba ne.

Malamin nahawu, Kongo:

Likita, kin kawo mu inda Hausa take da abin yi. Ina ba da shawarar *tsayar*. Idan ɗan sanda ya tsayar da mota a Kwangila, ba a san ko za ta ci gaba da tafiya ko a nan za ta kwana ba, kalmar ta faɗi abin da ya faru ta yi shiru. Don haka a ce *maganin tsayar da balaga*.

Game da sauran kalmomi biyun, wato tiransjenda da jenda disforiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan hali daga babin tabin hankali a sabon kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022, ta ba shi sunan da ke nufin rashin dacewa tsakanin jinsin da mutum yake ji a ransa da wanda aka haife shi da shi. Hausar wannan ita ce *saɓanin jinsi*. Disforiya, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ɗauka a 2013, damuwar da saɓanin ke haifarwa ce, sai mu ce *ƙuncin saɓanin jinsi*. Ban zaɓi "ruɗani" ba, ko da yake ta fi daɗin baki, domin ta riga ta yanke cewa yaron ya rikice ne. Mun ga yadda kalmar "ƙanjamau" ta yi wa masu cutar, har aka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki. Mutumin kuwa *mai saɓanin jinsi* ne, a bar "sauya jinsi" ga wanda ya kai matakin homon ko tiyata.

Mai fassara, Tudun Wada:

Na gode malamaina. Jimlar ta koma haka: kotu ta tabbatar da dokar da ta hana ba wa yara masu saɓanin jinsi maganin tsayar da balaga da sinadaran homon. Na sake karanta wa yayana, ya tambaye ni mene ne saɓanin jinsi, na yi masa bayani, wanda ya fi mini tambayarsa ta farko.

Saura abu ɗaya. A rahoton akwai wurin da likita yake magana da yaron kai tsaye. Turanci yana da lamiri ɗaya na mutum na biyu ga namiji da mace, amma ni dole in rubuta "ka zo" ko "kin zo", kuma duk wanda na zaɓa na shiga gardamar. Na gwada "kun zo", sai ta zama kamar likita yana girmama surukinsa. Malam na Kongo, yaya za a yi da wannan?