An ɗora mini shugabancin ƙungiyar koyar da sana'a, ta ina zan fara?

Hadiza: Salamu alaikum ƴan zaure. Ƙungiyarmu da ke koya wa matasan unguwannin Kara-Kara da Garin Malam a Damagaram sana'a ta zaɓe ni shugaba. Takardunmu sun cika, akwai ɗan kuɗi a asusu. Kwamiti na son a sayi kekunan ɗinki a buɗe aji. Ku da kuka riga mu, me kuka gani?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya taya ki riƙo. Kafin ki sayi ko allura, ki shiga kasuwar Dole ki ƙirga teloli. Kowa ya tashi taimakon mata sai ɗinki, yarinya ta gama koyo ta zauna jiran ɗinkin Salla. Ki duba tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, kullum ana saye. Ga kuma dukanci, da shi aka san Damagaram tun kaka da kakanni.

Sani mai walda: Gaskiyar Hajiya. Ni shawarata kada ki kama hayar aji tun yanzu. Ki nemi masu garejin babura da masu walda da masu haɗa sola waɗanda aka yarda da su, ki ba kowa yara biyu ko uku, a rubuta yarjejeniya. Duba yawan kabu-kabu a garin nan, mai gyaran babur ba ya kwana da yunwa. Amma ki ware kuɗin abincin rana, ko dala ɗari ce. Yaron da ya wuni da yunwa a gaban injin, gobe za ki tarar da shi a tasha yana dako. Ki riƙa leƙawa kuma ba tare da sanarwa ba, don wani maigidan aike da wankin babur kawai zai sa yaro har wa'adi ya cika.

Mushe Lawali: Malama Hadiza, ki je ofishin FAFPA, asusun gwamnati ne na tallafa wa horon sana'a da koyo a hannun maigida. Ki yi magana da cibiyoyin koyar da sana'a na CFM saboda takardar shaida, waɗanda suka gama kuma su yi rajista a ANPE, hukumar samar da ayyukan yi. Tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011 yara da yawa can suke hange, to irin wannan wuri sai da takarda. Batun asusu: kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu, ko da ke ce ɗaya.

Malam Habu: Ƙanwata, a Kara-Kara kada ki shiga da rajista a hannu. Ki fara gaida mai unguwa, sannan shugabannin fada, wato ƙungiyoyin samarin unguwa. In babban fada ya ce yaronsa zai zo, zai zo. Sun sha ganin masu zuwa ɗaukar hoto su tafi, shi ya sa ba sa saurin yarda.

Hadiza: Na gode ƙwarai. To kayan aiki bayan yaye fa? Ana ce mini wasu sayarwa suke yi.

Sani mai walda: Suna sayarwa. An taɓa kawo mini injin walda sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba, wai in saya rabin kuɗi. Ni dai a bar kayan a shagon maigida, yaro ya yi shekara yana aiki da su sannan a mallaka masa.

Hajiya Rabi: A'a Sani, wannan na maza ne. Matar aure a gida za ta yi aiki, wane shago za ta je? Ki haɗa su uku-uku da adashi, kowace na sa wa ƴar'uwarta ido.

Mushe Lawali: Ki nemi ɗaliban Jami'ar André Salifou su riƙa koya musu lissafi da yamma, don su iya fitar da farashi.

Hadiza: Yaya Sani, yara nawa za ka iya ɗauka?

Sani mai walda: Biyu. Amma su zo da sassafe, in kuran ya ɗauke aiki ya tsaya.