Kuɗin kai wuta bayan ɗaki don jakuzi: N780,000 bai yi yawa ba?

Abban Haidar, Tarauni:

Assalamu alaikum. Masana harkar wuta, ku taimaka min da shawara. Yayana da ke Manchester ya turo wa Hajiyarmu bahon ruwan zafi irin na waje, wanda ake ce wa jakuzi, saboda ciwon gwiwa da ke tsananta mata duk lokacin hunturu. Na mutum huɗu ne, yana cin ruwa wajen lita 1,000. Mun zuba masa siminti a lungun bayan ɗakinta, mun kewaye, wurin ya suturtu. Wuta kawai ta rage. A jikinsa an rubuta 230V, 50Hz, 32A, kuma ba shi da filogi, wayoyi uku ne kawai suka leƙo.

Daga allon wutar gidan zuwa wurin mita 35 ne in aka bi gefen katanga, kuma tsakar gidan duk intalok ne. Mai wayarin na farko ya rubuto min N780,000, kaya da aiki. Kusan rabi kuɗin kebul ne, sauran na wani ƙaramin allo, da bireka, da sandunan atin biyu (waɗanda ake binnewa don wutar da ta zurare ta bi cikin ƙasa), da haƙa. Yaron da ke mana gyare-gyaren wuta a gida kuma ya ce in ba shi N250,000 ya jawo daga soket ɗin AC na ɗakin Hajiya, ya huda bango, nan da la'asar an gama. Tazarar ta yi yawa, shi ya sa na kasa yanke shawara. Kuɗin yayana ne, kuma ba na son a ce ƙani ya ci amana.

Malam Sani Mai Wayarin:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka wa yayanka da alheri.

Maganar soket ɗin AC ka ajiye ta gefe tun yanzu. Wayar da ke zuwa wurin AC a yawancin gidajenmu 4mm ce, wani wurin ma 2.5mm, an yi ta ne don AC ɗaya. Abin da aka rubuta wa 32A kuwa, in hita da famfunan duk suka tashi tare, yana iya jan sama da kilowat 7. Wayar za ta yi ta ɗaukar zafi a cikin bango ba wanda ya gani, sai ranar da aka ji ƙauri. Abin da na fi tsoro ma shi ne yaron zai ga bireka tana faɗuwa, sai ya cire ta ya sa babba, shi ke nan an cire mai gadin wayar.

Wannan baho layinsa yake buƙata shi kaɗai, tun daga allo. Kebul mai sulke, wanda 'yan kasuwa ke cewa amod, mai waya uku, 6mm. A mita 35 zai ɗauka. In unguwarku wuta na zuwa da rauni da daddare, a je 10mm, don duk tsawon da waya ta ƙara ƙarfin wuta raguwa yake kafin ya isa. A binne shi ya kai rabin mita a ƙasa, a zuba yashi ƙarƙashinsa da samansa, a shimfiɗa ledar gargaɗi kafin a mayar da intalok, saboda wanda zai zo haƙa bayan shekara biyar bai san da shi ba. In kana son rage kuɗin haƙa, ana iya kafa shi a jikin katanga da kilif, sulken zai jure. Bai kai binnewa kyan gani ba, amma ba laifi ba ne.

Abu biyu ne ba na yarda a taɓa su ko mai gida zai kore ni. Na farko RCD mai 30mA. Bireka ta yau da kullum waya take karewa, sai wuta ta wuce adadin da aka rubuta mata take faɗuwa. Ɗan abin da zai tsayar da zuciyar mutum bai kai ko amfiya ɗaya ba, bireka ba za ta ma san ana yi ba. RCD kuwa auna wutar da ta fita take da wadda ta dawo, da ta ga ɗan bambanci, ma'ana wuta ta zurare ta wani wuri, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Mutum yana zaune cikin ruwa har wuya, jikinsa a jiƙe, tsohuwa ce kuma da ba za ta iya zabura ta fito ba. Ka gane abin da nake nufi.

Na biyu atin. Gidajenmu kowa da sandarsa yake dogaro, kuma na buɗe gidaje da yawa a garin nan na tarar da koriyar wayar atin tana lilo a bayan allo, ba ta je ko'ina ba. Sandunan biyu da ya rubuta maka ba zari ba ne. Ƙasar Kano da rani bushewa take ƙaƙas, sandar da ta yi kyau a watan Agusta sai ka auna ta a Fabrairu ka ga kamar babu. Ka ce ya zo da na'urar awo ya auna a gabanka ya rubuta maka lambar. Gawayi da gishirin da ake zubawa a ramin suna taimakawa, sai dai gishiri yana cin sandar a hankali, don haka a yi wa ramin murfi yadda za a iya dubawa, a riƙa ba shi ruwa da rani.

Sai makunnin kashewa mai hana ruwa shiga, IP65, a kafa shi aƙalla mita biyu daga bahon, yadda wanda ke ciki hannunsa ba zai kai ba. Kada a bar wani soket kusa don cajin waya.

N780,000 ban ga takardar ba, ba zan ce daidai ne ko ba daidai ba. Amma jerin kayan da ya rubuta na wanda ya san aikin ne.

Ɗan France Road:

Oga, ni kebul nake sayarwa, bari in faɗa maka ta ɓangarenmu. Farashin kebul da dala da tagulla yake tafiya, kuɗin da aka faɗa maka wancan watan ba shi ne na yau ba. Ka karɓi takardar, ka shigo Sabon Gari da kanka, ka tambayi shago uku kuɗin mita ɗaya na 6mm amod mai waya uku. Ka tambayi na gida irin su Coleman, Cutix ko Nigerchin. Nan take za ka san ko ya ɗora maka.

In wani ya ba ka farashin da ya faɗi ƙasa sosai, ka ce a yanka maka ɗan guntu, ka kankare bakin wayar da wuƙa. In ja ce har ciki, tagulla ce. In ka ga fari ya bayyana, alminiyam ne aka yi wa fenti da tagulla. Akwai kuma wanda an rubuta 6mm a jiki, cikin bai fi 4mm ba, roba ce ta yi kauri. Sannan ka sa a auna tsawon a gabanka, ka ƙara mita uku ko huɗu a kan 35 ɗin. Kebul ɗin da aka binne ba a so a yi masa haɗi a tsakiya.

Hajiya Maman Iman:

Ɗana, ni wurin gyaran jiki na mata nake da shi a Nasarawa, ina da irinsa ɗaya. Duk maganar kebul suke maka, kuɗin da ake biya sau ɗaya. Ni wanda za ka riƙa biya kullum nake so ka lissafa.

Kafin lita ɗaya ta ƙara zafi da digiri ɗaya tana cin wajen wat 1.16 na awa guda. Ruwan tankin sama a lokacin hunturu ka ɗauka yana digiri 18, kana so ya kai 38. Lita 1,000 sau digiri 20, wajen wat 23,000 na awa guda, wato yunit 23 ke nan. Hitar irin waɗannan yawanci kilowat 3 ce, wato kusan awa takwas tana ci ba tsayawa. In kuna Band A, rukunin da aka fi ba wuta kuma ya fi tsada, a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki NERC ta kai yunit N225, daga baya aka sauko da shi wajen N209, a wannan farashin ɗumamawa ɗaya ta kusa N5,000. Wannan kafin famfunan da ke busa ruwa, kafin kuma wutar da zai riƙa sha yana riƙe zafin. In ba Band A kuke ba yunit ya fi sauƙi, amma wutar da za ta zauna awa takwas a jere fa?

Murfinsa shi ne rabin tattalin. Yarana na shago in suka bar shi a buɗe da daddare, da safe a mita nake gani. Kuma ƙurar hunturu tana toshe matatar cikin 'yan kwanaki, sai an cire an wanke.

Daga baya hitar sola ta kan rufi na sa, ruwan ya shigo da zafinsa, hitar bahon ƙarasawa kawai take. Rana dai ba mu rasa ta ba a Kano. Ka sa wannan cikin lissafin da za ka tura wa yayanka tun yanzu, kada a zo ana jin nauyin tambaya daga baya.

Sannan in Hajiya na da hawan jini ko ciwon zuciya, a tambayi likitanta kafin ta fara shiga. Kada zafin ya wuce digiri 40, kada ta daɗe, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Baffa Na Ƙofar Mata:

Ikon Allah. Jarka 40 ta 'yan garuwa don a gasa gwiwa biyu! Mu da tukunya da tawul iyayenmu suka yi. Wasa nake, Allah ya ba mu 'ya'ya masu tuna mu. Amma ku gode wa Allah daga Ingila ya zo. Wani maƙwabcina daga Amurka aka kawo masa, na can 60Hz ne da tsarin 120/240V, har yau yana nan an rufe shi da tamfol, kaji na kwana a kai.

Abban Haidar, Tarauni:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baffa, ka ba ni dariya. Hajiya, na tura wa yaya lissafinki, ya yi shiru tukuna. Malam Sani, saura tambaya ɗaya: janaretanmu 5kVA ne, in an ɗauke wuta zai ja shi?

Malam Sani Mai Wayarin:

Ba zai ja ba, Alhaji. Hitar kaɗai ta cinye fiye da rabinsa, famfo na tashi zai durƙushe, ga firji ga fankoki. Ka ce a ɗauki layin bahon daga ɓangaren NEPA, kafin canji-oba, yadda ko an tayar da inji wuta ba za ta je can ba. In ba haka ba wata rana yaro zai juya canji-oba hita na kunne, a ƙone maka inji.

Ka duba jikin mitarku ma, akwai adadin amfiyar da take ɗauka a rubuce. Ka haɗa 32 ɗin nan da AC-AC ɗin gidan da hitar banɗaki da famfon rijiya. In abin ya kusa cika ta, sai ka je ofishin KEDCO na yankinku ka yi maganar komawa layi uku, wato a shigo muku da layin wuta uku maimakon ɗaya, wannan kuma wani kuɗin ne da ba ya cikin N780,000. Ranar da aka gama aikin, kafin ka biya cikon kuɗin hannu, ka danna ɗan maɓallin gwaji da ke jikin RCD da yatsanka. In ba ta faɗi nan take ba, kada kowa ya shiga ruwan.