Dan Allah ku ba ni shawara, ina Maiduguri biki maigida ya ce in kamo hanya yau

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Wallahi tun asuba nake kuka, ban ma san ta ina zan fara ba. Ni 'yar Daura ce, a can nake aure, amma yanzu haka ina Maiduguri bikin ƙawata. Kuma ba irin ƙawar nan ta gaisuwar gidan biki ba ce, tare muka yi ABU, ɗaki ɗaya a Amina Hall, tukunya ɗaya, in babanta ya turo kuɗi namu ne, in nawa ya turo namu ne. Bikina a 2021 yarinyar nan tun daga Borno ta taso ta yi kwana 8 a gidanmu, ita ta haɗa min turaren wuta da humra da hannunta, har yau akwai kwalba ɗaya da na kasa ƙararwa. To ku gaya min da wane ido zan kalle ta in ban zo nata ba.

Ranar Laraba na taso ana idar da sallar asuba, Kazaure, Dambatta, na canza mota a Kano, muka bi Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, direba sai gudu yake yana cewa kar a rufe mana hanya, ko sallah a gurguje muka yi, na iso ƙafata duk ta kumbura. Anko kala uku aka fitar, biyu na ɗinka a Daura telan ma ya ɓata min hannun ɗaya, na ukun laffaya ce wadda ni tunda nake ban taɓa naɗawa ba, ƙanwar amarya ce ta naɗa min ta kafe da fil. Alhamis aka yi lalle lafiya lau ba matsala.

Jiya Juma'a da dare aka yi abin da suke kira wushe-wushe. Ni na ɗauka irin kamunmu ne, a fesa turare a yi liƙi zuwa ƙarfe 10 a watse. Ashe na dare ne sosai, masu ganga da algaita, gida ya cika maƙil maza da mata. Wajen ƙarfe 1 ina zaune da faranti a cinyata kawai sai na ji ƙarar bindiga, daram, aka sake, aka kuma sakewa. Wallahi ban san lokacin da na watsar da abincin ba, na taka laffayar ta warware na bar ta a nan, na faɗa wani ɗaki na shige bayan katifa na kira maigida ina ihu an shigo gari ya yafe min. Ashe ango ne ya iso ake masa maraba. Kafin in sake kiransa wayata ta mutu ba caji, sai da asuba na kunna. Ya ce tunda yake bai taɓa jin kunya irin ta jiya ba, ya tashi Hajiyarsa, ya tashi yayyena, har an fara neman mota. Ya ce in kamo hanya yau ɗin nan. Yau ne ɗaurin aure, da daddare za a kai amarya. Yanzu ƙarfe 9 saura. Ya zan yi?

Maman Hanif:
Innalillahi, sannu 'yar uwa. Ki yafe min na yi dariya wajen katifar nan amma wallahi ko ni ce abin da zan yi ke nan. Mu da muke kwana da kunne ɗaya a Jibiya in ko tayar babur ta fashe sai kowa ya nemi ɗansa.

Hajiya Ƙofar Soro:
Ke 'yar nan saurara da kyau. Shekara 11 na yi a Maiduguri maigidana yana aiki can, biki na Barebari ba wanda ban shiga ba. Laifin farko na ƙawarki ne, ta san baƙuwa ce ke, ta san jihar da kika fito, ya kamata tun da yamma ta ja ki gefe ta ce in ango ya iso za a buga bindiga. Wushe a yarensu sannu ce, daren maraba da ango ne da mutanensa, kuma su a wajensu ya fi duk sauran shagalin girma, ana kai wa asuba. Laifi na biyu naki ne, mace mai aure ba ta barin waya ta mutu a garin mutane. Amma yau ba za ki hau hanya ba, ban ce ki yi shawara ba, cewa na yi ba za ki hau ba. Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 600 ne, motocin kirki tun da sassafe suke cika su tashi, yanzu in kin je tasha sai ki zauna jiran fasinja har azahar, ki shiga Kano tsakar dare, sannan ga Daura a gabanki. Ki kira uwar mijinki, ba shi ba, ita.

Ummu Sultan:
Hajiya da girmanki amma ban yarda ba. Miji ya ce ta dawo ta dawo, biki ba farilla ba ne. An ɗaura aure ko tana nan ko ba ta nan. Ƙawa ba za ta riƙe miki aure ba in ya lalace. Ni ƙanwata a kan zuwa suna Funtua ta ƙara kwana ɗaya ba izini ta yi wata 4 a gida, kuma wadda aka je wa sunan ko leƙowa ba ta yi ba.

Mai neman shawara:
Hajiya ba laifin ƙawata ba ne wallahi, tun Laraba ko ganinta sosai ba na yi, tana hannun masu dilka da gwaggonninta. Wayar kuma ba wuta ne a ɗakin da aka sauke mu, mu 9 ne soket ɗaya.

'Yar Mashi:
Tsaya tukuna, kwana nawa ya ba ki? Ba ki faɗa ba.

Mai neman shawara:
Ya san Asabar ne ɗaurin aure.

'Yar Mashi:
Ba abin da na tambaya ke nan ba.

Hajiya Ƙofar Soro:
Ku bar zancen kwana nawa, rai ake magana. Kun manta Auno? Fabrairun 2020 matafiya suka iso an rufe hanyar shiga Maiduguri suka kwana a motocinsu, aka zo aka kashe mutum wajen 30. An samu sauƙi yanzu alhamdulillah amma har gobe mai hankali da rana tsaka yake wuce Jakana da Benishek, ba ya wasa da lokaci a hanyar nan. Kuma ke Ummu Sultan ba ki san mutanen nan ba, yau ne ma aikin ƙawaye, za a wanke wa amarya kai a yi mata kitso, manya su zo ɗaya bayan ɗaya su sa mata albarka a abin da suke kira kaulu, ana ajiye kuɗi. Ƙawar da ta zo daga nesa ta sulale ana tsaka da wannan, har ta tsufa ana ba da labarinta a dangin.

Ummu Sultan:
To a ba da labarinta a dangin wasu ya fi ko a ba da a dangin mijinta?

Maman Iman:
Ni abin da ke ci min rai da bikin yanzu ankon nan ne. Kala uku fisabilillahi. Bikin 'yar yayata da aka yi bayan sallah kala huɗu suka fitar har da na kamu daban na yini daban, na ce ɗaya zan iya, wallahi har yau uwar ba ta amsa gaisuwata da kyau. Da can atamfa ɗaya ce kowa ya ɗinka a wuce wurin.

Bafulatanar Dutsi:
Barebari dai ba sa canzawa, a buga bindiga a tsorata baƙi sannan a ce sadaki sai da zinare. Ki dawo gida 'yar uwa kafin su sayar da ke su sayi turare.

Babarbariya a Katsina:
Bafulatana ki kiyaye ni, ke da aka aura da saniya ɗaya ramammiya. Mai tambaya ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai riƙe ki a zuciya a gidan nan, dariya za a yi a gama, ƙila ma a sa miki suna. Amma ni mamaki nake, ke 'yar Daura ba ki taɓa jin 'yan bindigar Sarki ranar hawan sallah ko Sallar Gani ba? Iri ɗaya ce ai. Kuma ku Daurawa surukanmu ne tun Bayajidda, ta Borno ya bi ya auri 'yar Mai kafin ya ƙarasa rijiyar Kusugu. Ki je ki sami babar amarya ki gaya mata gaskiya, ita za ta san yadda za ta yi da mijin naki, manyanmu sun iya ba da haƙuri.

Mai neman shawara:
Na sallah da rana ake yi kuma kowa ya san za a yi. Wannan ƙarfe 1 na dare ne a Maiduguri, dan Allah ku yi min adalci. Babar amarya kuma ba zan iya haɗa ido da ita ba, ita ce ta zo ta ɗaga katifar.

Anti Malama:
Ni tambayata ɗaya, me mace mai aure take yi a taron maza da mata da kiɗa har ƙarfe 1? Nan ne asalin matsalar ba bindiga ba. Mijinki ko bai faɗa ba abin da ke cinsa ke nan. Ki yi istigfari ki ba shi haƙuri ba tare da kawo hujja ba.

Mai neman shawara:
Anti a cikin gida aka yi ba hol ba, kuma ni ban yi rawa ba, sau ɗaya na tashi na yi liƙi na dawo. Wanda aka sa a sitatus ɗin ma ba rawa nake ba laffayar nake gyarawa.

'Yar Mashi:
Au, akwai bidiyo? Ya gani?

Mai neman shawara:
Ƙanwarsa ce ta tura masa, ita ma don mun ɗan samu saɓani ne tun kan maganar gara. Amma ba shi ne ya kawo wannan ba.

Hajiya Ƙofar Soro:
To kin gani, shi ya sa na ce uwarsa. Ki kira ta yanzu, ki gaishe ta, ki ce Hajiya na tsorata ku jiya ku yafe min, ki ce kina tsoron hanyar yamma, gobe ana sallar asuba kina tasha. Kar ki ambaci kai amarya ko sau ɗaya. In ta ce to, shi ba shi da ta cewa. Ki sayo mata turaren wuta mai kyau a Monday Market, ba na leda ba, na kwalba. Haka na yi zama da tawa surukar shekara 26.

Mai neman shawara:
Hajiya matsalar ita ce dama ita ta sa baki ya bar ni na zo, da farko cewa ya yi a'a. Kuma yarona yana wajenta, jiya da ya tashe ta an ce jininta ya hau. Ban san da wane baki zan kira ta ba. Kuma gobe ma akwai walima a gidan ango, amarya ta roƙe ni in kai Litinin.

Ummu Sultan:
Litinin kuma. Allah ya kyauta, ni na yi shiru.

Maman Hanif:
Ko jirgi za ki duba, ko ta Abuja ne?

Mai neman shawara:
Da wane kuɗin, dubu 40 ta rage min kuma a ciki zan ajiye na kaulun nan da Hajiya ta faɗa, ban ma san nawa ƙawaye ke sawa ba. Babarbariya nawa ake sawa?

'Yar Mashi:
Har yanzu dai ba ki faɗi kwana nawa ya ba ki ba.

Hajiya Ƙofar Soro:
Kin kira ta ko ba ki kira ba? Ƙarfe 10 ta wuce fa.

Mai neman shawara:
Yanzu ya sake kira ban ɗauka ba, muna ɗakin kitso ana ta guɗa ba zai ji ni ba. Bari a ɗaura tukuna.