Guzurin Jirgin Dare Zuwa Kurayyat

Da muka tattauna da 'yan uwa mazauna Riyad kan jirgin ƙasan dare mai zuwa Kurayyat da ke arewacin Saudiyya, ta Kasim da Ha'il da Jauf, maganar ciki ce ta cinye hirar. Ana sayar da abinci a jirgin, amma yawancinsu sun ce a riƙe guzuri: dabino, burodi, filas ɗin shayi, da kilishi in wani ya kawo tsaraba daga gida. Wata Hajiya ta ja kunne kan kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama mai maiƙo, wai ɗakin kwanan ƙarami ne, ƙamshin ba ya fita har asuba. Gaskiyarta.

Sanyin na'ura kuwa ba ya wasa, a tafi da rigar sanyi da safa. Tsofaffi kuma a bar musu gadon ƙasa.