Mu masu karantar da yara a gida, ni kaɗai ce bare?

Uwar 'yan biyu, Kofar Kaura:
Salam 'yan uwa. Yarana a gida nake koya musu, muna da group na matan unguwa masu yin haka, amma su hadda ce kawai da Ahalari da Arba'una, ni kuwa bayan hadda ina ƙara musu lissafi da turanci, to shi ne fa ake ta min kallon 'yar boko, ranar har wata ta ce ai na raba ƙafa. In fita ne ko in daure?

Malamin firamare:
Hajiya kar ki bar lissafin nan, ko rabon gado ba ya yiwuwa sai da shi. Kuma dokar UBE (ilimin matakin farko ga kowa) ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, ki sa wannan a rai.

Yaya Babba, Daura:
Ƙanwata ni ban ga abin fita ba gaskiya, ki riƙa kai su muraja'a kawai, sauran ki yi abinki ba sai kin ba kowa labari ba.

Maman yara:
Wlh nima haka, mijina ma cewa ya yi sai sun zana NECO ko NBAIS (jarabawar hukumar karatun Larabci da Musulunci). Anti wane littafin lissafi kike amfani da shi?