Wane kwas ne zai taimaka wa malamin Ikonomiks na sakandare?

Malamin_SS2 ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Don Allah shawara nake nema. Ni Jogarafi na karanta, amma da aka yi wa malamin Ikonomiks ɗinmu canjin makaranta sai firinsifal ya ce ai duk fannin zamantakewa ne in riƙe SS1 da SS2 kafin a turo wani, to har yanzu shiru ba a turo kowa ba, kuma ga alama da ni za su shiga SS3. Inda ake bayani da baki ba ni da matsala, amma da an zo wajen zanen buƙata da wadata da lissafin nan na yadda ciniki ke motsawa idan farashi ya canza, sai dai in kwafe musu abin da ke cikin tsohon not in wuce, yaran ma sun gane. Shin akwai wani kwas na ƙara wa juna sani da aka yi musamman don malaman Ikonomiks? Ko in je NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, in yi PGDE, difloma ɗin koyarwa ta masu digiri ne? Albashin kun san yadda yake, ba na son in zuba kuɗi a inda satifiket kawai zan samo.

Tsohon_Maka:

Wa alaikumus salam Malam. Ka raba abu biyu tukuna. PGDE, ko ta NTI Kaduna ce ko ta wata jami'a, dabarun koyarwa take ba ka: tsara darasi, halayyar yara, yadda ake auna fahimta. Tana da amfani, kuma in digirinka ba na ilimi ba ne kana buƙatarta kafin ka yi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, ka yi ta don wannan. Amma ba za ta koya maka Ikonomiks ɗin kansa ba, kuma ciwonka a nan yake.

Ni abin da ya fi gyara ni shi ne makin ɗin WAEC. Kafin a raba takardu ana zaman daidaitawa, a zauna da shugabannin maka a bi tsarin ba da maki tambaya bayan tambaya, a yi gwaji a kan wasu takardun a yi ta gardama har kowa ya hau layi ɗaya. A nan za ka ga yaro ya san amsa amma ya zubar da maki saboda bai rubuta sunan layin tsaye da na kwance a zanensa ba, ko ya jero dalilai biyar tsirara babu bayani ko na layi ɗaya. Kai yanzu ba lallai su ɗauke ka ba tunda ba fanninka ba ne, to amma ka nemi wanda yake zuwa makin a yankinku ka liƙe masa, kowace shiyya akwai su. Sannan rahoton manyan masu duba jarrabawa yana shafin WAEC kyauta, shekara-shekara suna faɗin inda ɗalibai suka faɗi. Ka lura da sashen farko na takarda ta biyu, inda ake ba da tebur na alƙaluma a ce yaro ya yi lissafi ya fitar da bayani, yaranmu a nan suke zubewa saboda malamai da yawa tsallake shi suke yi.

Malama_Mai_Alli:

Baba Tsohon Maka ya gama magana, ni dai ƙari zan yi a kan bitocin nan. Na halarci wata da wata ƙungiya ta shirya mana, an tara malaman Ikonomiks da na Gwamnati da na Adabi duk a zaure ɗaya, mai gabatarwa yana ta nuna hotuna a bango yana cewa a mayar da ɗalibi tsakiyar darasi, a raba yara rukuni-rukuni na mutum biyar. Wata malama ta ɗaga hannu ta ce ajinta ya haura ɗari kuma rabinsu a ƙasa suke zaune, ta ina za ta fara rukunin? Ya ce ta yi amfani da basirarta. Aka ci shinkafa aka sa hannu a takardar alawus aka watse. Don haka Malam kafin ka biya ko sisi ka tambaya wa zai koyar, ya taɓa riƙe aji a sakandare? kuma za a zauna a warware tambayoyin Ikonomiks ne da biro da takarda ko dai jawabi za a sha.

Lissafin da ke ba ka tsoro kuwa wallahi ba wani abu ba ne. Ga yadda nake yi da nawa. Nakan ce a ɗauka kwanon gero ya tashi daga naira 2,000 zuwa 2,500, ƙarin kashi 25 cikin ɗari kenan. Mai awo da yake sayar da kwano 100 a rana ya koma 90, raguwar kashi 10. A raba 10 da 25, an samu 0.4, bai kai 1 ba, ma'ana mutane ba su gudu sosai ba don dole a yi tuwo a dama kunu. Sai in ce to a canza geron da lemon kwalba, wa zai ci gaba da saya in ya yi irin wannan tashin? Nan take aji zai kaure, su da kansu za su gaya maka ai zoɓo za a koma. Shi kenan ka koyar da abin da ke maye gurbin wani ba tare da ka buɗe littafi ba. Da Hausa nake fara bayanin sai ya zauna, sannan in ba su kalmomin Turancin su rubuta su maimaita, tunda jarrabawa ba da Hausa za a yi ta ba.

Malamin_SS2:

Allah ya saka da alheri Malama, wannan na geron gobe-goben nan zan gwada shi. To maganar tsohon not ɗin fa? Wanda na gada har ya yi ja, ban san me ya tsufa a ciki ba.

Ɗan_Ƙididdiga:

Yawwa, nan ne inda nake jira. Yaya, ka duba babin bankuna da na noma da farko. Akwai not ɗin da har yau yake maganar hukumomin sayen amfanin gona kamar suna nan, alhali tun 1986 aka rushe su zamanin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na lokacin. Wani kuma ya tsaya a haɗewar bankuna ta 2005 lokacin Soludo yana gwamnan Babban Banki, da aka ce kowane banki ya kawo jarin naira biliyan 25 bankunan suka dawo 25 daga 89, bai san a 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin ba, manyan da ke hulɗa da ƙasashen waje sai biliyan 500. Tarihin ka koyar da shi, amma ka ce musu tarihi ne.

Kuma ni ban ga ƙasar da ta fi tamu sauƙin koyar da wannan darasi a yanzu ba, don yaran a jikinsu suka ji. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ga darasin kuɗi da aikinsu. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ga yadda tsadar sufuri ke shiga farashin komai. Sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na shekarar, ga babin canjin kuɗi. Kowane wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton hauhawar farashi kyauta a shafinta, har da na jiha-jiha, ka sauke a waya ka kwafe layi huɗu ko biyar a allo, ka samu tebur irin wanda Baba ya ce ana tambaya.

Amma a yi hattara da abu ɗaya, don na ji malamai da kansu suna kuskurensa. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80, a Janairun 2025 aka ce 24.48, sai wasu suka ce kaya sun sauko da kashi goma. A'a. Na farko hukumar ce ta sabunta ma'auninta, ta mayar da shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024 ta kuma sake jerin kayan da ake dubawa. Na biyu ko babu wannan, raguwar alƙaluman hauhawa ba saukar farashi ba ce, farashin yana hawa ne har yanzu, gudun hawan ne ya ragu. In yaronka na SS2 ya iya bambance waɗannan biyun to ya fi wasu masu sharhi a rediyo.

Na intanet kuma, Khan Academy suna da bidiyoyin Ikonomiks kyauta kuma zanen da ke damunka suna yin sa a hankali daki-daki, sai dai misalansu na Amurka ne kuma data suke ci, ka sauke da dare ka kalla, misalin kuma ka kawo naka daga Dawanau ko kasuwar garinku.

Malama_Mai_Alli:

Ɗan Ƙididdiga ka manta da mu ne masu waya mai tsagaggen gilashi, lol. Amma gaskiya ne. Malam in kana kusa da wasu makarantun ku haɗu ku huɗu ko biyar ranar Asabar, kowa ya ɗauki babin da ya fi iyawa ya koyar da sauran a gaban allo kamar a aji, mu haka muke yi sau ɗaya a wata, kuɗin mota kawai muke kashewa. Kai ka ɗauki babin yawan jama'a da na wuraren kafa masana'antu tunda Jogarafi ka yi, a nan ka fi mu.

Malamin_SS2:

Na gode ƙwarai gaba ɗaya. Akwai malamai biyu a makarantar 'yan mata da ke kusa da mu, zan tuntuɓe su cikin satin nan. Baba Tsohon Maka, don Allah tambayoyin shekarun baya daga wace shekara ya kamata in fara, kuma in haɗa da na NECO ko in tsaya a WAEC tukuna?